Zabin Yashe

Kyamarar ba saye na yi ba, ta yayana ce. Ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago a Kankiya, har wayoyin hannu suka zo suka kashe masa kasuwa. Da ya rufe shagon ya koma sayar da taki, sai ya miƙo mini ita cikin jakarta ya ce, "Ungo, kai ne mai son wahala."

Ni kuwa tun ina yaro tsuntsaye ke burge ni. A sakatariyar ƙaramar hukumar Kusada nake aiki, kullum ina bin hanya daga Kankiya ina kallon shamuwa a kan kuka da damina, da balbela a bayan shanu. Na ce yanzu kam sun shigo hannu. Sai dai gilashin da ke bakin kyamarar na ɗaukar amare ne da 'yan makaranta, ba ya jawo nesa. Hoton shamuwar da na fara ɗauka, da na nuna wa maiɗakina sai ta sa bakin zane tana goge fuskar kyamarar, wai ƙuda ya yi kashi a kai.

Yayana ya ce sai na nemi dogon gilashi. Ya haɗa ni da wani abokinsa, ɗan garinmu, mai sayar da kayan hoto na hannu a Kano. Mutumin ya ce idan zai zo gida Sallah zai taho mini da abin da yake da shi.

Ya kuwa cika alkawari. Muka zauna a zaurena, ya kwance wani tsohon tawul, ga gilasai uku a jere. Taubashina, ɗan kawuna, wanda ke acaɓa tsakanin Kankiya da Kusada, yana zaune a gefe ba wanda ya gayyace shi.

Na farko fari ne, kusan sabo. Da kansa yake saita gani, ko hannunka na rawa shi ba ya rawa. Na ɗora a ido na ga har jijiyar ganyen darbejiyar ƙofar gida. Da na tambayi kuɗinsa, sai taubashina ya ce, "A ba ni wannan in ba da babur ɗina, in ciko." Na mayar wa mai shi da hannu biyu, kamar jaririn mutane.

Na biyu matsakaici ne, shi ma yana saita kansa, kuma aljihuna zai iya kaiwa idan na matse. Amma da na ɗaga shi a rana sai na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki. Mai kayan ya ce fumfuna ce, damina ta kama shi a akwati. "Ba ta hana gani, Malam. Ni da kai ma idanunmu ai ba na samari ba ne."

Na ukun baƙi ne, siriri, ya kai tsawon hannuna. Ba shi da na'urar komai, da hannu ake murɗa shi har gani ya daidaita. Shi ya fi kowanne jawo nesa, shi ne kuma ya fi araha.

"Tabarya," in ji taubashina. Sunan kuwa ya bi gilashin har yau.

Mai kayan, Allah ya saka masa, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in ɗauki na biyun. Ya ce tabarya tana son rana sosai, tana son hannun da ba ya motsi, sannan abin da ke kusa da kai ba ta ganinsa sam. Na ji shi, amma ni lissafin mai sayen rake nake yi: idan ga dogo ga gajere, kuma dogon ya fi araha, ai ba sai an yi shawara ba. Wa ma yake neman kusa? Kusa ai idona na nan.

Na gwada ta a kan wani ƙadangare da ke shan rana a katangar maƙwabcina. Ban samu ƙadangaren ba tukuna maƙwabcin ya fito yana gyara hula. "Malam, lafiya kake auna mini gida?" Don in wanke kaina na ba shi ya leƙa. Ya ga wata 'yar tsaga a katangarsa ta zama kamar kwazazzabo, ya tafi neman magini ko sallama bai yi mana ba.

Na sayi tabarya.

Da kaka ta yi, taubashina ya kawo mini labari cewa duk sanda ya kai fasinja Yashe yana ganin garken zabin daji a wata gona da ke bayan gari. Wata Asabar da safe muka hau babur, tabarya a bayana kamar goyo.

Suna nan kuwa, suna kiwo a cikin karan dawa da aka girbe. Muka ajiye babur nesa, muka shiga rarrafe. Ƙarangiya ta cika mini wando da gwiwar hannu, ban damu ba. Matsalar ita ce da na ɗora tabarya a ido, duniya gaba ɗaya sai ta kama rawa. Dole na sa taubashina ya durƙusa na ɗora ta a kafaɗarsa.

"Daina numfashi," na raɗa masa.

"Kai ka fara dainawa, bawana."

Kafin in murɗa in samu zabo, ya matsa. In sake samunsa, taubashina ya yi dariya kafaɗa ta girgiza. Na ɗauki kara, na ɗauki ƙasa, na ɗauki wani abu mai kama da wutsiya. Rana ta ɗaga, gumi na shiga mini ido, amma a raina ina jin daɗi, ga ni yau ina farautar namun daji da kyamara.

"Ku kuma mi kuke nema a gonar marayu?"

Muka waiwaya. Wata tsohuwa ce tsaye a kanmu da ƙwarya a hannu. Ta dubi tabarya ta ce, "Wanga bindiga ce ko bututun ban ruwa?"

Na sa yatsa a baki ina nuna mata zabin. Taubashina kuwa, don ya wanke mu, ya miƙe ya gaishe ta ya ce, "Inna, hoto ne. Wannan ma'aikacin ƙaramar hukuma ne."

Nan take fuskarta ta sake. "Allah sarki, na tallafi ne? Yo ɗan nan, shi ne za ka yi ta jan ciki ba ka yi sallama ba? Ai nawa ne."

Ta yi wani irin kira da harshe, ta ɗebo tsaba a ƙwarya ta watsa. Zabin dajina suka taho a guje, suna kuka, suka kewaye ni har wani na tsattsagar igiyar takalmina.

"Ga su nan, ɗauka."

Na ɗora a ido. Toka-toka kawai nake gani, kamar na leƙa cikin koko. Na murɗa har ƙarshe, babu. A lokacin ne maganar mai kayan ta dawo mini. Na ja da baya. Tsohuwa ta ga na ja, sai ta biyo ni ta watsa tsaba a ƙafata don ta taimake ni. Na ƙara ja, ta ƙara watsawa. Haka muka yi ta tafiya, ni da baya, ita da zabi suna bi na, taubashina ya kwanta a kan kunyar gona yana riƙe ciki don dariya.

"Tsoronsu yake ji?" ta tambaye shi.

Da ƙyar ya iya yi mata bayani cewa abin nan sai daga nesa yake gani. Ta ce ita ba ta taɓa jin mai ɗaukar hoton da ke gudun wanda zai ɗauka ba, amma ta yarda ta tsaya. Na tafi can ƙarshen gonar, na samu wani suri na ɗora tabarya a kai. Suri ba ya numfashi, ba ya dariya. Na murɗa a hankali, sai ga ta ta fito tar, hannu a sama, tsaba na zuba, zabi sun ɗaga wuya. Na danna.

Kafin mu tafi na gaya mata gaskiya, cewa ba wani tallafi, sha'awa ce kawai. Ta ce, "Haka kuke cewa da fari dukanku." Ta ɗaura mana wake a leda.

Na wanke hoton babba a Kankiya na kai mata. Ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya: wannan mafaɗaci ne, waccan ita ta fi ƙwai da damina. Can sai ta haɗe rai.

"Gurguwar fa?"

Ashe akwai wata zabuwa mai ɗingishi da ba ta iso ba kafin in danna. Tsohuwa ta ce ba za a raba abu a bar nakasasshiya ba, sai na koma na ɗauko tabarya. Na sake rantse mata babu abin da za a raba. Ta ce ta ji, in dai je in ɗauko.

Asabar ta gaba na koma. Aka ajiye gurguwa a tsakiyar gona da tsabarta ita kaɗai, na hau surina. Ba ta je ko'ina ba. Na murɗa yadda nake so, na jira har ta juyo da kai, na samu idonta da jan leɓen da ke ƙarƙashin bakinta da kowane ɗigo na gashinta.