Gwajin Minti Biyar

Kafin sunana ya ɓaci, ni mai gyaran kwamfuta ne a Gummi, kuma hannuna na da kyau. Maigidan da ya koya mini aikin yana da doka guda game da bod, wato faifan nan na cikin kwamfuta da komai ke manne a jikinsa. Ba a cewa lafiyarsa ƙalau don kawai ya kawo wuta. Sai an ɗora masa gem, wato wasan kwamfuta, mai nauyi da tsakar rana, ya yi awa uku yana aiki, ana taɓawa ana jin zafinsa. Ni kuwa gani nake tsohon ɓata lokaci kawai yake yi.

Da na buɗe nawa shagon, da ƙananan abubuwa na fara. In cire fanka mai kyau daga kwamfutar mutum, in maƙala masa tsohuwa. Ba wanda ya taɓa ganewa. Daga nan na koyi gasa mataccen bod da iska mai zafi. Zai farfaɗo ya yi 'yan kwanaki kamar sabo, sannan ya mutu gaba ɗaya. Na sayar da irinsu da yawa, har ina yaba wa kaina wayo.

Ana haka Lawali ya zo shagona. Mai haƙar zinare ne daga Bagega. Gubar dalma ta kashe masa 'ya, kuma ya rantse zai bar aikin. Ya sayar da rabonsa na rami don ya buɗe gidan gem a Anka da kwamfuta huɗu.

"Ni ban san komi ba ga wanga aiki," in ji shi. "Ka zaɓa min masu kyau, don Allah. Na gaji da rami. Inna ko abinci ba ta ci in na shiga."

Na haɗa masa huɗu, duk da gasassun bod. Ranar gwaji na ce ya zo da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi. Na juya musu fankar shago, na kunna gem ɗin ƙwallo. Lawali ya yi ta dariya yana nuna 'yan wasan da yatsa. Da ya ce a bar su su ɗan daɗe, sai na kashe.

"Wanda ya yi minti biyar, zai yi shekara biyar," na ce masa. Ya yarda, har ya sa mini albarka.

Zafin bazara ya kashe kwamfutocin duka cikin mako biyu. Lawali ya kira ni sau da yawa, na canza layi. Bayan wata uku wasu da na cuta suka haɗu suka kai ni ƙara, aka yanke mini shekara biyu a gidan yari. Lawali ba ya cikin masu ƙarar, kuma wannan ya fi ɗaurin damuna.

Da na fito na yi tuba, na samo bod ɗaya mai kyau, na gwada shi awa uku a tsakar rana, na tafi da shi Anka neman gafara. Na tarar da shagon ana sayar da gawayi. Aka kwatanta mini gidan mahaifiyarsa a Bagega.

"Kai ne mai kwamfutocin?" ta tambaye ni. "Lawali ya koma rami. Da damina ya rubza da shi, sai gawa anka hiddo." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kullum cewa shikai ba laihinka ba na, shi dai bai iya riƙonsu ba. Ai gabanshi anka gwada su."

Na faɗa mata gaskiya daga baya, amma wanda ya kamata ya ji yana ƙasa.

Ku matasa masu koyon sana'a, ku ji tsoron Allah a kan wanda ya ce muku bai san komai ba. Kada ku taɓa ko fankar wani. Aikin da aka ce a gwada awa uku, ku zauna ku yi awa ukun. Ni minti biyar na yi, kuma har yau bod ɗin nan na cikin jakata, ban sami wanda zan ba shi ba.