Rodin da Ke Saman Gidan Goggo

Da asuba, kafin unguwa ta farka, Goggo Mai Ɗinki tana saman rufin gidanta da gwangwanin baƙin mai da tsumma. Rodi ne tsaitsaye a kowace kusurwa, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana shafa musu mai don kada tsatsa ta ci su. Haka take yi farkon damina da ƙarshenta. Ni magini ne, a layinsu nake haya, kuma ni nake riƙe mata tsani tun da gwiwa ta fara damunta.

Mijinta ne ya bar rodin. Lokacin da shi da ƙanensa suka sayi filaye biyu a jere, ba komai a wurin sai ciyawa da juji. Ya zuba rufin kankare, ya bar ƙarfe a sama, ya ce in hali ya yi za a ɗora bene. Hali bai yi ba har ya rasu. Yaran unguwa suka sa wa wurin suna gidan ƙaho.

Ƙanen nasa, wanda ’ya’yanta ke kira Baffa, bai jira ba. Ana taya filinsa da riba ya sayar, ya sayi motar haya. Ya ɗan yi ƙiba, sannan motar ta tsufa ta zauna. Yanzu a bayan kasuwa yake hayar ɗaki, in ya zo gaishe ta ba ya juyawa ya kalli kantunan da aka gina a tsohon wurinsa. Ba zan ce wauta ya yi ba. Yana da bakunan ciyarwa a lokacin.

Ita ma Goggo ba hangen nesa ne ya hana ta sayarwa ba. Cewa ta yi ba za ta bar wa baƙo aikin da mijinta bai gama ba. Da keken ɗinki ta yi renon yaranta, wani lokaci tukunya ba ta hawa murhu sai yamma.

Sai aka shimfiɗa kwalta ta ƙofar gidan. Banki ya zo, makaranta ta zo, dillalai suka biyo baya. Wata rana ina gyara mata dakali, babban ɗanta ya shigo da ɗaya daga cikinsu.

“Inna, abin da suka taya zai ishe mu duka,” in ji ɗan. “A saya miki ƙaramin gida a bayan gari, mu ma mu samu jari.”

“Bayan gari na zo, gari ya biyo ni. Yanzu kuma in sake ɗaukar kaya?”

Duk da haka ta ce wa dillalin ya hau ya duba rodin, ba zai ga tsatsa ko ɗis ba.

“Ba sai na hau ba, Hajiya,” ya ce yana murmushi. “Mai saye rushe ginin zai yi. Ƙasar yake so.”

Suka fita. Washegari ta kira ni ɗakin ɗinki, ƙafarta a kan keken amma ba ta takawa.

“Magini, gaya mini gaskiya. Man da nake shafawa shekara da shekaru bai ƙara wa gidan nan komai ba?”

“Bai ƙara ba, Goggo. Kwalta ce ta ƙara.”

“Kai dai ba ka iya lallashi ba. To, rodin zai ɗauki bene?”

Na hau da guduma, na fasa kankare a gindin kowanne na duba. Na sauko na ce zai ɗauka.

Ta ce tunda ƙasa ce ke da daraja, za ta sayar musu da ƙasar da ba kowa a kanta. Ta yanke bayan gidan, inda take shanya da kiwon kaji, ta sayar. Da wannan muka ɗora benen. ’Yan haya suka shiga sama, ɗakin da ke bakin titi ta fasa masa ƙofa ta ba babban ɗanta ya buɗe shago. Har yau yana ganin da an sayar da duka da ya fi, kuma mai yiwuwa yana da gaskiya. Ni dai na ga ta daina irin ɗinkin da take yi har idonta ya yi ja.

Ranar da muka zuba rufin sama na ɗauko zarto zan yanke rodin da ya yi saura. Ta hana.

“Goggo, wa zai ɗora na uku?”

“Shi ma da ya bar na farko bai san ni zan ɗora ba. Bar su.”

Darajar da ta ɗaga gidanta ita ta ɗaga hayar ɗakina, har ta fi ƙarfina. Da sassafen da na tashi daga layin, ina ɗaure katifa a kan amalanke, na hango ta tana hawa sabuwar matakala, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da gwangwanin. Ta isa sama, ta huta, ta tsoma tsumma ta fara da rodin da ke kusurwar titi.