Matar da ta roƙi ruwa a Dungeness

Mu biyar ne ranar. Ni, da ɗana na fari wanda ba na faɗin sunansa, ku kira shi Likita, da matarsa Zainabu, da 'yarsu Ikram mai shekara sha bakwai, sai ƙawata Mma Adiza, mutuniyar Kumasi da ke sayar da kayan miya a unguwar Deptford, nan London. Dukansu suna raye, wanda bai yarda da ni ba ya je ya tambaye su.

Shekarun baya ne, wata bazara da zafi ya sauka a London har mutane suna kwana taga a buɗe. Likita ya ce zai kai mu mu ga hamadar Ingila, can bakin teku, wai Dungeness. Na yi dariya. Ni da aka haifa a Yusufari, ubana mai raƙuma, ni za a nuna wa hamada? Amma da muka isa sai na daina dariya, don wallahi wurin ba na wasa ba ne. Tsakuwa ce iya ganinka, ba itace ba inuwa, sai tsofaffin jiragen ruwa da aka bari suna ruɓewa. Akwai hanya da aka kafa wa sanduna, ka bi ta ta zagayo da kai inda ka ajiye mota.

Ni ce a baya saboda gwiwa, kuma dama na fi son baya, kowa yana idona. Ikram ta yi nisa a gaba da ƙatuwar gorarta. Rana na tsaka na hango wata mata ta fito daga bayan wani jirgi, lulluɓe da baƙin zane, ta miƙa wa yarinyar kofin ƙarfe. To a tsakuwar nan ko kaza ta taka sai ka ji, amma matar nan ban ji takunta ba. Ikram ta girgiza kai ta wuce. Kafin in ƙarasa babu kowa.

Na ce, "Ke Ikram, me ta ce miki?"

Ta amsa da Turancinta, uwar ta juya mini, wai ruwa ta roƙa, ita kuma ba ta santa ba.

Likita ya ce, "Hajiya, haka ake koya musu a nan."

Na ce, "A nan ɗin. Wannan daji ne."

Mu a gidanmu, wanda ya roƙe ka ruwa a daji ba a tambayar sunansa, ba a duba fuskarsa, ko maƙiyin ubanka ne sai ka ba shi.

Ba mu yi nisa ba ƙishi ya kama yarinyar. Ta shanye gorarta, ta shanye ta uwar, ta shanye ta Mma Adiza, leɓenta na tsagewa ina kallo. Uban ya taɓa goshinta ya ce zafin rana ne, mu yi sauri. Muna ta bin sanduna, muna bi, sai ga mu a gaban jirgin nan. Ya duba waya, babu network. Muka sake bi, muka sake dawowa gabansa. Mma Adiza ta dafe ƙirji ta ce, "Hajiya, wannan hanya ya ƙi mu fa." Lokacin Ikram ta daina magana, harshenta ya kumbura, uwar na kuka.

Ruwan da ya rage shi ne na alwalata, rabin ƙaramar gora. Likita ya miƙo hannu. Na hana.

Ya ce, "Hajiya, 'yata ce!"

Na ce, "Kai ɗan wa? Matsa."

Kofin ƙarfen yana ajiye a bakin jirgin, alhali zuwanmu na farko babu shi. Na kama Ikram na durƙusar da ita, na ce ta yi sallama, ta yi bisimilla, ta zuba da hannu biyu, sadaka don Allah. Jama'a, na rantse da wanda raina ke hannunsa, kofin bai fi na shayi ba, amma ya cinye ruwan nan kaf, da na leƙa gindinsa a bushe yake.

Na ce kowa ya tashi, kada wanda ya waiwaya. Ba mu yi tafiyar kirki ba sai ga motarmu. Yarinya ta haɗiye yawu ta ce yunwa take ji.

Har yau Likita zafin rana yake cewa, ni kuma ba na musu da shi. Ban san ko wace ce matar ba, ban kuma nema ba. Ku dai da kuke renon 'ya'ya a ƙasar nan, ku koya musu tsoron baƙo, ban hana ba, amma ku gaya musu ruwa ba ya ciki.

Washegari ina idar da asuba na tashi Ikram, na ɗora mata katan ɗin ruwa, muka tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood. Duk wanda ya fito ta miƙa masa da hannu biyu, ni kuwa ina gefe ina sauraren takun kowa.