Bencin Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da biyu kafintan ya yi yana dattijon ikilisiya, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya ce wa wani abu ya yi daidai ba. A gabansa Baba ake ce masa. In ya juya baya kuwa, Ba-Daidai-Ba, don kalmar da ta fi zama a bakinsa ke nan. Ni dai ban ga laifin wanda ya laƙaba masa ba.

Aiki kam ya iya, a ba shi wannan. Shagonsa na ƙarshen layi, ƙofa ɗaya, zarto uku rataye bisa girmansu, ƙusoshi a gwangwanaye kowane tsayi da nasa. Duk katakon da ke majami'a hannunsa ne: mumbari, bencina, har farantin nan mai ramuka arba'in da ake jera ƙananan kofunan Jibin Ubangiji, abin shan nan mai tsarki da ake zagayawa da shi a ba masu bi. Maganar Allah ma ya san ta, wannan ne ya sa ake tsoronsa. Ran Lahadi yakan zauna a layin gaba da fensir a bayan kunne. Da mai wa'azi ya ɗan zame a wata aya, sai ka ga fensir ya sauko. Fastoci uku fensirin nan ya tattara wa kaya.

Akwai benci ɗaya da ya yi da gangan. Na horo ne, inda ake zaunar da wanda majalisar dattawa ta kama da laifi, a bakin ƙofa, kowa ya shigo ya gan shi, farantin Jibi kuma ya wuce shi. Ya yi shi gajere, ba majingina, bai ko sa masa samfefa ba. Mata sun sha kukan sartse na cin musu zane. Ya ce ai ba hutu aka je yi a kai ba.

Ɗa ɗaya gare shi. Yaron ya girma ya koma wata ikilisiya, aka sake yi masa baftisma a can. Kafinta ya ce wannan karkatacciyar koyarwa ce, ya rantse ba mai taka gidan yaron daga gidansa. Matarsa ta haɗiye har shekara biyu. Ran da aka ce surukarta ta haihu, ta ɗauki jaka ta tafi, ta kwana uku, ta dawo. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Magana kawai ya daina yi mata.

Shekara huɗu ana haka. In yana son abinci sai ya ƙwanƙwasa tebur da fensir. In dole ta kama, ya fuskanci bango ya ce a gaya wa mutanen gidan nan maɓallin rigarsa ya cire, alhali su biyu ne a gidan. Amma ran Lahadi tare suke fita, kafaɗa da kafaɗa, har masu sabon aure ake nuna wa su a ce a yi koyi.

Sai aka kawo sabon fasto, matashi, mai sanyin murya. Wata uku kacal kafinta ya cika bayan wani kwalin ƙusa da kurakuransa bakwai. Shi kuwa faston idonsa na wani wuri. Ya lura duk ranar Jibi, in kafinta ya zo layin mata da faranti, matarsa takan naɗe hannu a cinya har ya wuce. Shi kuma ya koma gaba ya shanye nasa, ya lumshe ido.

Wata Laraba faston ya same ta a bayan majami'a tana wanke kofunan, don aikinta ne. Ya gaishe ta, ya tambaye ta a hankali me ya hana ta sha. Ta ci gaba da ɗauraya, ta ce maigidanta ne ya koyar da su cewa mai riƙo a zuciya kada ya kusanci teburin, ita kuwa tana da riƙo.

"Da wa, Mama?"

"Da mai riƙe da farantin," in ji ta.

Daga nan bakinta ya buɗe, ta faɗi komai, har na bangon.

Ran Juma'a da yamma aka yi taron dattawa a ɗan ofishin fasto, su shida, fanka na ƙara a sama. Kafinta ya zo da kwalinsa a aljihu, ransa fes, don ya san yau ne. Ya karanta kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Faston ya saurara, ya amince da biyu, ya yi godiya. Sa'an nan ya ce shi ma yana da tambaya ɗaya.

"Baba, yaushe rabon ku yi wa Mama magana?"

Kafinta ya ce sha'anin gidansa ba na majalisa ba ne. Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda kafinta ya taɓa zaunar da ƙanensa wata shida a bakin ƙofa, ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya sha faɗa musu gidan dattijo ne farkon abin dubawa. Sauran suka sunkuyar da kai, ba don kunya ba, dariya suke dannewa. An daɗe ana jiran ranar nan, kuma ba duka don Allah ake jiranta ba.

Faston bai so a kai can ba. Ya ce a bar maganar a ɗakin nan. Baba ya je gida ya yi wa matarsa magana kafin Lahadi, ko sannu ce, ya ci gaba da riƙe kujerarsa. In bai yi ba, majalisa za ta yi masa abin da take yi wa kowa.

Kujerar nan ita ce rayuwarsa, ya sani. In babu ita, tsoho ne kawai mai ƙurar katako a gira. Ran Asabar ya kasa aiki, ya lalata ƙafar tebur biyu. Da la'asar ya rufe shago ya koma gida, ya tsaya a ƙofar kicin. Tana yanka albasa, ta ba shi baya, ta kuwa san yana nan. Ya buɗe baki. Sannu kawai zai ce. Amma in ya faɗa, ya yarda ke nan ita ce da gaskiya da ta tafi, shekara huɗunsa sun tashi a banza. Sai ya juya ga bango ya ce a gaya wa mutanen gidan nan gobe da farar riga zai fita.

Ta goge masa ita tas.

Ran Lahadi aka karanta sanarwar horonsa a taƙaice. Kafinta ya taso daga layin gaba, ya bi tsakiyar majami'a har bakin ƙofa, ba wanda ya ko yi tari. Da ya zauna gwiwoyinsa suka taso kusan ƙirji, bayansa ya nemi abin jingina ya rasa. Kafin a gama waƙa ta biyu sartse ya huda wandonsa.

Mai gyaran rediyo ne ya ɗauki farantin. Ya karkata shi, har kofi biyu suka ɗan zube, kafinta na gani yana cizon leɓe. Da aka kai layin mata, kafinta ya ɗaga wuya. Ya ga hannun matarsa ya tashi daga cinya, ya ga kanta ya yi baya, ta shanye.

Ransa ya yi mugun ɓaci. Ya san ba yafe masa ta yi ba, daɗin faɗuwarsa ne ya buɗe mata maƙogwaro, kuma shan Jibi a kan haka ba daidai ba ne. Yana da ayar, ya san surar, har hannunsa ya kai ga fensir. A wannan karon ma gaskiya gare shi. Ya duba gaba, ƙeyoyi ne kawai, ba mai waiwayowa. A duk majami'ar mutum ɗaya ce ta rage da dole ta saurare shi in sun koma gida, ita kuwa ba ya yi mata magana.