Maɓallai Huɗu na Anti Tafireta

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a layin bayan kotu ya san Anti Tafireta. Sunan ya bi ta tun zamanin da take dukan tafireta a ofis, kuma da ta yi ritaya ta samu tebur a wani shagon buga takardu, bai sake ta ba. Mace ce 'yar firit, amma bakin nan, kai! In ta daka maka tsawa sai ka manta abin da ya kawo ka.

Kibod ɗin kwamfutarta ma abin kallo ne. Tsoho ne tukuf, nauyi kamar bulo, kowane maɓalli in an danna sai ya yi ƙas. Sau biyu mai shago yana sayo mata sabo tana turewa. "Wannan da ko tari ba ya yi? Ta yaya zan san na danna?" Da kunne take aiki. Ba ta kallon yatsunta, ƙarar ce ke shaida mata harafi ya shiga.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara guda ke nan idonta na dushewa. Haruffan sikirin sun zame mata hazo. Sai ta ɓullo da dabara. Duk wanda ya miƙo rubutun hannu sai ta yatsine fuska. "Wannan ai kaza ce ta yi tono. Karanto min da baki." Mutane su yi dariya su karanta, ita kuma ta zazzaga musu aiki tsaf. Tsoronta ɗaya, kada mai shago ya gane ya ɗora wani a kujerar. Yara sun watse, maigida ya rasu, in ba shagon nan ba ina za ta nufa da safe?

Wata Talata wani direba ya dawo da takardarsa ta neman aiki, rai a ɓace. Kalmomi duk giɓi, haruffa sun zube. Mai shago ya gwada kibod ɗin, ashe maɓallai huɗu ne suka mutu. Suna ƙara yadda suka saba, amma ba sa fitar da komai. Ya ce, "Anti, a jefar da tsohon nan mana." Ta ce sai dai a jefar da su tare. Ta naɗe shi a tawul ta nufi rumfar ƙaninta mai gyaran rediyo.

Auta take ce masa har yau, duk da furfurar da ta cinye masa gemu. Ya ciccire kawunan maɓallan ya jera su a faranti, ya bi ƙasansu da buroshi. Ƙura, gashi, har da wata tsohuwar allura. Ya gwada a kwamfutarsa, shiru. Ya kwance bayan da sukudireba, ya riƙa bin hanyoyin wuta ɗaya bayan ɗaya da mitar gwaji.

"Ba maɓallan ne suka mutu ba, Yaya. Su huɗun hanya ɗaya suke bi, ita ce ta tsage. Kin gan ta nan, siririya kamar gashi."

"Na gani," in ji ta.

"Amma kwana nawa kina bugawa a haka ba ki lura ba?"

"Gyara na kawo maka ko tambaya? Yi aikinka, Auta."

Ya yi dariya ya narka dalma, ya ɗinke tsagar da ɗan guntun waya. Ƙaurin ya cika rumfar. Ya mayar da kawunan, ya ɗaure bayan, ya tura mata shi gaban kwamfutar. Kafin ya ce uffan ta riga ta hau. Yatsun nan suka yi ta rawa, ƙas-ƙas-ƙas, har mai sayar da batir na kusa ya leƙo. Ta tsaya, ta matsa kusa da sikirin kamar mai dubawa, ta gyaɗa kai.

"Madalla. Duk sun fito. Ashe kana da amfani."

Can Auta ya kamo hannunta ya ɗora mata wani abu a tafi. Kan wayar kibod ɗin ne.

"Ban jona ba tukuna, Yaya."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta nemi abin tsawa ta rasa. Shi kuwa ya juya baya yana ta tsintar wayoyin da ba sa bukatar tsinta. Ta tuna direban nan. Takardu nawa ta ba mutane a haka suka kai wurare, aka yi musu dariya ko aka kore su? Wannan ya fi kunyar zafi.

"Jona," ta ce. "Ka tsaya a bayana ka karanta min."

Ta gyara zama, ta buga kwanan wata, ta buga adireshin mai shago. Auta yana karantawa a hankali har ya kai layin da ta rubuta cewa daga ƙarshen wata ta ajiye aiki. Nan ya tsaya.

"Akwai kuskure?"

"Babu ko ɗaya, Yaya."

"To fitar min da ita a takarda. Ka nuna min inda zan sa hannu."