Baffa Dawo-da-shi

Ƙanin mahaifina direba ne. Mu a gida Baffa muke ce masa. A wurin aiki kuwa an daɗe ana kiransa Babban Direba, ba don an ba shi wani muƙami ba, sai don duk waɗanda ya tarar a kamfanin sun tafi sun bar shi. Kamfanin na rarraba kaya ne: sabulu, man girki, man shafawa, ashana da makamantansu. Manyan motoci su sauke su daga masana'antu a wani dogon sito mai rufin kwano, su Baffa kuma su ɗiba su bi shaguna.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Hannunsa na gefen taga ya fi ɗayan duhu, saboda shekarun da ya yi yana ɗora shi a ƙofar mota. A kan kujerarsa akwai wani matashi da matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗinka masa tun suna amare. An sake masa riga ya fi a ƙirga, amma audugar ciki ta daskare ta zama kamar allo. Bai yarda a taɓa ba. Ya ce ta riga ta san bayansa.

A da aikin ba shi da wani surkulle. Kaya na zuwa cikin kwali, an naɗe shi da leda. Baffa ya tsaya ƙofar shago, ya sauke, a gaisa, ya wuce. Abin da ya faru da kwalin da ledar bayan nan ba ruwansa. A bayan siton ma akwai wani fili da ake tara ledar da aka yayyaga, idan ta yi tudu mai gadi ya cinna mata wuta. Ranar ƙonawa kowa da tari yake komawa gida, rigar Baffa kuma sai Inna ta jiƙa ta kafin warin ya fita.

Kwalayen su ba a ƙona su, domin suna da mai su. Wani tsoho ne da ake kira Mai Kwali, ya girmi Baffa nesa ba kusa ba. Kullum yana bakin ƙofar sito da amalankensa, yana ɓare kwalaye yana shimfiɗa su, ya ɗaure da igiya ya tura zuwa wurin masu saye. Da wannan ya aurar da 'ya'yansa mata. Shi da Baffa tare suke shan shayin safe a kan wani benci mai ƙafa uku da bulo. Ba sa yawan magana. Mai Kwali ya ce, "Yau ma za a fita?" Baffa ya ce, "To, ya za a yi." Hirar ke nan, shekara da shekaru.

Wata rana aka tara direbobi da masu lodi a ɗakin taro. Manaja ya gabatar da wata matashiya da aka ɗauka don ta kula da abin da ya shafi muhalli. Ta yi bayani cikin natsuwa. Ta ce manyan masana'antun da kamfanin ke ɗaukar kayansu sun sa sharaɗi: duk wanda zai ci gaba da raba musu kaya sai ya rage sharar da yake zubarwa da man da yake ƙonawa. Don haka an daina kwali da leda. Za a riƙa zuba kaya cikin kiret na roba mai ƙarfi, kore shar, a kai shago, a dawo da shi, a wanke, a sake amfani da shi. Mota kuma ba za ta ƙara dawowa wayam ba, kuma ba a barin inji na aiki idan an tsaya.

Wani mai lodi ya tambaya, "Malama, to wa zai dawo da kiret ɗin?"

Ta ce, "Wanda ya kai shi."

Duk ɗakin aka juyo ana kallon direbobi. Baffa ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Tun daga ranar ma'aikata suka laƙaba mata Malama Koriya, saboda launin kiret ɗin, ita ma da ta ji dariya kawai ta yi.

A bakin mai faɗa abin ba wuya. A titi ne ya zama aiki. Kiret ɗin yana da kyau, yana da ƙwari, kuma duk wanda ya gan shi sai ya tuna yana da buƙatarsa. Mai shago ya kifa shi ya zauna. Mai aski ya jera guda uku ya yi wa masu jiran layi kujera. Wata mata ta ce wa Baffa ya yi haƙuri sai kazarta ta ƙyanƙyashe, don a ciki take kwanci. Wani kuma ya rantse bai taɓa ganin koren kiret ba a rayuwarsa, alhali a kansa yake tsaye yana ɗauko kaya daga kanta.

Baffa ba mai faɗa ba ne. Sai dai ya tsaya bakin shago, hannu a ƙugu, ya ce, "Don Allah dai a dawo da shi." Ya faɗa a wannan shago, ya faɗa a na gaba, har ya zama kafin ya kashe mota masu shaguna sun fara cewa, "Ga Dawo-da-shi nan." Sunan ya bi shi sito, ya bi shi har gida. Ranar da ya shiga madafa ya tarar Inna ta zuba albasa a cikin kiret guda, ya daɗe tsaye yana kallonta.

Ta ce, "Ai a mota na gan shi, ba kowa a ciki."

Ya ce, "Haba, har da ke?"

Ta juye albasar a ƙasa ta miƙa masa. "Ungo, Malam Dawo-da-shi. Ka gaida kamfani."

Tsayawar da a da take ɗaukar ɗan lokaci kaɗan, yanzu sai ya sauke kaya, ya jira a kwashe, ya yi lallashi, ya tattara fankon, ya jera su, ya ɗaure. Da yake an haɗe hanyoyi don rage man mota, shagunan da direba biyu ke bi suka koma kansa shi kaɗai. Idan ya kashe inji a tsakar rana, cikin motar ya zama kamar tanda. Ya fara dawowa gida yana tafiya a karkace, ya zauna bakin gado ya kasa sunkuyawa ya cire takalmi.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin abin yana da amfani. Can ya ce, "Hayaƙin nan na bayan sito ya daina. Mai gadi ma tarinsa ya tafi. Ba zan yi musu ƙarya ba, abin yana da kyau. Amma ɗana, duk wani abu mai kyau da aka zauna aka tsara a ofis, a bayan wani yake sauka."

Abin da ya fi cin ransa kuwa ba bayansa ba ne. Mai Kwali ne. Kwalaye sun yi ta raguwa har ya zama tsohon yana wuni bai cika rabin amalanke ba. Duk da haka bai fasa zuwa ba. Ya zo da sassafe, ya jingine amalanken, ya zauna a benci yana kallon korayen kiret suna shiga suna fita. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Wata safiya dai ya ce wa Baffa, "Abin naku ba ya yagewa ko?" Baffa ya ce ba ya yagewa. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "An iya aiki."

A ranar, kafin ya fita, Baffa ya hau bene zuwa ofishin Malama Koriya. Bai taɓa hawa ba sai ran nan. Ta tashi ta ba shi kujera.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na ji za a buɗe rumfar wanke kiret."

Ta ce, "Haka ne, Baba."

"Akwai tsohon nan na bakin ƙofa. Kwalin da kuka hana, shi ne abincinsa. Ba roƙo yake ba, ni ne nake roƙa. Hannunsa da sauran ƙarfi."

Ta ajiye abin rubutunta. Ta ce wallahi duk lissafin da suka yi, na shara da na mai da na ruwa, babu inda tsohon ya fito, kuma laifinsu ne da ba su leƙa bakin ƙofa ba. Ta yi alkawarin za ta kai maganar gaba, kuma ta kai. Sai dai manaja ya ce sai an tambayi babban ofis, babban ofis ya ce tsohon ya wuce shekarun ɗauka aiki, ita kuma ta sake rubutawa ta ce a ɗauke shi na wucin gadi. Duk sanda ta haɗu da Baffa a tsakar sito sai ta ce, "Ana nan ana bi, Baba." Shi kuma ya fita ya ce wa Mai Kwali, "An ce ana bi." Damina ta shigo ta fita ana bi.

Da amincewar ta fito, Malama Koriya da kanta ta sauko da saurinta ta gaya wa Baffa. Suka fita bakin ƙofa tare, ba su ga Mai Kwali a benci ba. Mai shayin bakin ƙofar ne ya ba su labari: babbar 'yar tsohon ta zo ta tafi da shi garin da take aure, jiya da yamma, ƙafafunsa sun kumbura. Ya sayar da amalanken. Ya bar sallahu a gaida Babban Direba, a ce masa ya gode da ɗawainiya.

Baffa ya ce, "Kin yi iyakar ƙoƙarinki, 'yata." Ya hau mota ya fita, don shaguna na jira.

Bayan 'yan watanni, yana ɗaga kiret cike da man girki a ƙofar wani shago, wani abu ya ɗaure masa a ƙugu. Nan ya durƙushe. Masu shagon ne suka kama shi suka zaunar. Likita ya ce ba tuƙin doguwar hanya, ba ɗaukar nauyi. Kamfani ya duba inda zai sa shi, aka ga gurbin rumfar wanki har yanzu ba kowa. Haka Baffa ya karɓi aikin da ya roƙa wa abokinsa.

Na kai masa ziyara can kwanan baya. Rumfar tana bayan sito, an yi mata daɓen siminti da 'yar kwata mai kai ruwan wankin cikin tanki, a tace a sake amfani da shi. Na same shi cikin takalmin roba har gwiwa, riƙe da tiyo, tafin hannunsa ya yi fari ya tattare. Kiret ɗin da ke dawowa kowanne da abin da ya kwaso: wani gashin aski, wani ƙasa, wani cingam manne a gindi. Yakan duba ya faɗi unguwar da ya fito, kuma masu lodi sun ce da wuya ya kuskure.

Wani sabon direba ya shigo yana huci, ya ce masu shagunan layin kasuwa sun hana shi kiret ko guda, ɗaya ma har ya zage shi. Baffa ya saurare shi har ya gama.

Ya ce, "Kada ka je musu da safe, lokacin ciniki ne. Ka bari sai rana ta yi. Ka fara tambayar iyali tukuna. In ka ga mutum zaune a kai, kada ka ce ya tashi, ka tsaya kawai. Zai gaji da ganinka."

Direban ya ce, "In bai gaji ba fa?"

"Sai ka koma gobe."

Ya fita yana gunaguni. Baffa ya miƙo mini tiyon ya ce in riƙe masa kaɗan. Ya lallaba ya zauna a kan dakali, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu a hankali. Na ɗauka zai ce wani abu. Da na waiwaya, idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. Na rage ƙarfin ruwan don kada ƙarar ta tashe shi, na ci gaba da wanke na gabana.