Shuɗiyar Rigar Filo

Har yau ban manta da ranar da na kusa hana wani dattijo shiga Rauda da hannuna ba. Lokacin ina sabon murshidi, wato mai yi wa baƙi jagora daga masauki zuwa Masallacin Annabi. Ƙa'idar aikin ita ce kowane ayari da tutarsa a kan sanda, kana gaba suna biye, don kada cunkoso ya haɗiye wani. Ita kuwa Rauda, da ke cikin masallacin, da takardar izini ake shiga, mai ɗauke da lokaci. In lokacinka ya wuce, shi ke nan.

An ba ni mutum goma sha takwas daga wani yanki da yaƙi ya lafa, ana jiran ƙuri'ar ko ya ɓalle ko ya zauna. Ni da rawar kai na duba fasfonsu, na ɗauko tutar ƙasar da ke jiki. Ina ɗaga ta a ƙofar otal ɗinsu, wani tsoho, Malam Adamu, ya zauna dirshan a ƙasa.

"Ɗana, da wannan tutar aka ƙone garinmu. Ba zan je gaban Manzon Allah a bayanta ba."

Wani ya zaro tutar masu son ɓallewa daga jakarsa, rabin ayarin suka ce su kuma ba za su bi wannan ba. Saura minti arba'in, gobe kuma jirginsu zai tashi.

Na kira mai kula da mu, Baba Haruna, mutumin Chadi, wanda ya taɓa tuƙa motar sojojin kiyaye zaman lafiya na duniya, masu shuɗiyar tuta.

"Kai Sani, fasfo ka karanta, ba ka tambayi masu shi ba?" Ya juya ga tsohon. "Malam, a can wace mota ce ke wuce shingen kowa?"

"Mai shuɗiyar tuta. Ita ta kwashe mu da jikokina."

Baba Haruna ya haura sama, ya dawo da shuɗiyar rigar filo ta otal, ya ɗaura a sandata. "Halas, magana ta ƙare. Wannan ba ta kowa ba ce. Yalla, ku tashi."

Malam Adamu ya fara miƙewa, sauran suka bi. Mun isa ƙofa saura minti biyar. Da ya fito gemunsa jiƙe da hawaye, ya riƙe hannuna ya ce ya saka ni a addu'a, ni da na jawo abin. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya rufe ni.

Allah ya saka wa Baba Haruna da alheri. Tun daga ranar ba na ɗaga tuta sai na tambayi mafi tsufa a ayari. Rigar filon kuwa ba ta koma otal ba, Malam Adamu ya roƙe ta ya tafi da ita gida.